Madubin Bindigar Harbin Nesa: Daga Zaren Gizo Zuwa Dala Dubu Biyar

Ranar 26 ga Satumba, 1874, dubban 'yan kallo suka yi cincirindo a wani fili da ake kira Creedmoor, a tsibirin Long Island kusa da birnin New York, domin ganin gasar harbi tsakanin maharba shida na Amurka da shida na Ailan. 'Yan Ailan sun ƙetaro teku da taƙamarsu, don shekara guda kafin nan sun lashe garkuwar Elcho, sun bar Ingila da Sikotilan a baya. Bindigoginsu na kamfanin Rigby ne, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki. Na Amurkawa kuwa Remington da Sharps ne, masu cin harsashi ta gindi. Aka yi harbi a yadi 800, da 900, da 1,000, kowane mutum harsashi 15 a kowane zango. Da aka tashi, Amurka na da maki 934, Ailan 931. Wani ɗan Ailan mai suna Milner ya dasa harsashinsa a tsakiyar allo cif, sai dai allon ba nasa ba ne, maki huɗu suka salwanta. Ba don haka ba da nasara ta bi su gida. Harbin ƙarshe Kanar John Bodine ne ya yi shi, hannunsa na jini saboda kwalba da ta fashe masa dab da zai kwanta.

Cikin mutum goma sha biyun nan babu mai madubin hangen nesa a kan bindigarsa. Dokar gasar ta hana. Abin da suke da shi 'yar huda ce a jikin faifan ƙarfe, wanda ke hawa da sauka a kan sanda mai ma'auni, ana murɗa shi da sukuru. Tsakiyar allon ƙafa uku ce kowane gefe, daga yadi 1,000 ɗigo ce kawai a ido, amma suka yi ta samunta, domin sukurun nan ba ya ƙarya: lambar da ka murɗa shi yau, inda ta kai harsashi nan za ta kai shi gobe in iska ba ta sauya ba. Shekara 150 da suka biyo baya, maƙeran madubin bindiga sun yi su ne suna neman haɗa gani da awo a bututu ɗaya. Gani ya samu da wuri. Awon ne ya ba su wuya, kuma har yau shi ya fi raba madubin dala 500 da na dala 5,000, ko da yake mai saye gilashin yake fara leƙawa.

Asalin abin ba daga maharba ya fito ba. Wajen 1640 wani matashi ɗan Ingila mai nazarin taurari, William Gascoigne, ya tarar gizo-gizo ya shiga cikin madubinsa ya ja zare, kuma zaren ya faɗa daidai wurin da haske ke haɗuwa ya ba da hoto. Da ya leƙa sai ya ga zaren da abin da yake kallo duka sun fito tar a lokaci guda. Amfanin wannan ga maharbi babba ne. Idon ɗan Adam ba ya iya tsayawa a kan abu uku masu nisa daban-daban, wato saitin baya da na gaba da abin hari. Dole biyu su dushe. Cikin madubi kuwa zare da abin hari wuri ɗaya suke. Gascoigne ya mutu a yaƙin Marston Moor a 1644 yana yi wa sarki yaƙi. Safiyoyi da masu kallon taurari suka ci moriyar zarensa kusan shekara 200 kafin maharba, saboda madubin da ke zaune a kan ƙafa uku ba ya shan shurin albarushi.

A Amurka aka fara shawo kan shurin. Tsakanin 1835 da 1840 wani maƙerin bindiga a Utica, Morgan James, ya riƙa ƙera madubai masu jure harbi, sannan a 1855 William Malcolm na Syracuse ya buɗe sana'ar sosai, da gilashin da ba ya watsa launi da kuma hanyar gyara saiti sama da ƙasa, dama da hagu. Madubin wannan zamani siriri ne, tsawonsa ya yi na bakin bindigar, cikinsa duhu, filin da yake nunawa ɗan mitsitsi. Da Yaƙin Basasar Amurka ya ɓarke a 1861, ɓangaren kudu ya shigo da bindigogin Whitworth daga Ingila, wasunsu da madubin Davidson maƙale a gefen hagu. A wannan yaƙi ne, ranar 9 ga Mayu, 1864, a Spotsylvania, Janar John Sedgwick ya ga sojojinsa na sunkuye wa harsashi, ya yi musu ba'a cewa daga wannan nisa ko giwa ba za a samu ba. Bai jima da rufe baki ba harsashi ya same shi ƙarƙashin idon hagu.

Daga nan sana'ar ta koma hannun masu jin Jamusanci. A garin Jena, Carl Zeiss da Ernst Abbe da Otto Schott suka kafa masana'antar gilashi a 1884, wadda ta mai da haɗa gilashi ilmi mai lissafi. A Biyana, Karl Robert Kahles ya buɗe shagonsa a 1898, ya fitar da madubin farauta mai suna Telorar a 1900; kamfanin na nan har yau. Gajerun madubai masu haske suka yawaita a hannun mafarautan Jamus da Ostiriya, don haka da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kafe a ramuka, Jamus ba ta sha wahala ba: ta tattaro bindigogin farauta masu madubi daga hannun jama'a ta aika bakin daga, aka ba mutanen da suka saba da daji. Sojojin Ingila suka yi ta faɗuwa a 1915, duk wanda ya ɗaga kai sama da rami.

Wanda ya tashi tsaye a kan lamarin shi ne Manjo Hesketh-Prichard, mafarauci kuma ɗan wasan kurket. Abin da ya tarar da ya zaga bakin daga ya cancanci a tsaya a kansa. Ba madubin ne babu ba. An fara rabawa. Amma an mai da bindiga mai madubi kayan rami, kamar shebur, bataliyar da ta tashi ta bar wa mai zuwa. Wanda aka miƙa wa bai san yadda ake saita ta ba, kuma mafi yawan waɗanda Manjon ya gwada saitinsu ya goce nesa da inda zare ke nunawa. Soja na ganin abokin gaba ƙuru-ƙuru, ya ɗora zare a kansa, ya ja kunama, harsashi ya tafi wani wuri. Ga shi kuma hukuma ta sa an maƙala madubin a gefen hagu don a riƙa cusa harsashi ta sama, wanda ya sa in an leƙa ta 'yar tagar allon ƙarfe, bakin bindiga na ganin waje, madubi na kallon ƙarfe. A 1916 ya kafa makarantar maharba a Linghem, a arewacin Faransa, kuma babban darasinta shi ne yadda mutum zai saita madubinsa, ya kula da shi, ya hana kowa taɓawa. Ya rubuta labarin a littafinsa Sniping in France, na 1920.

Tsakanin yaƙoƙin biyu aka magance matsalar duhu. Duk inda haske ya ratsa daga iska zuwa gilashi, kusan kashi 4 cikin 100 na komawa baya. Madubi mai fuskar gilashi goma ya zubar da kashi ɗaya cikin uku na haskensa ke nan kafin ya iso ido, kuma hasken da ya ɓata yana yawo cikin bututu yana dusar da hoto. A 1935 Alexander Smakula, ɗan Yukiren da ke aiki a Zeiss, ya gano yadda ake shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke rage wannan asara. Jamus ta riƙe abin a matsayin sirrin soja. Madubai masu tsada na yau suna wuce da kashi 90 ko fiye, kuma duk jikokin aikin Smakula ne.

Duk da haka, madubin da ya fi yin aiki a Yaƙin Duniya na Biyu ba mai kyan gilashi ba ne. PU na Tarayyar Sobiyet ninki 3.5 kawai yake ƙara girma, gajere, mai sauƙin ƙira, an yi shi dubu ɗaruruwa an ɗora wa bindigar Mosin-Nagant. Ingila na da lamba 32, wanda asali don bindigar Bren aka tsara shi, kamfanin Holland & Holland ya riƙa daidaita shi da zaɓaɓɓun bindigogin Lee-Enfield, kowane madubi da bindigarsa. Jamus da ta fi kowa gilashi ta ɓata ƙarfi a kan ZF41, mai ninki 1.5, wanda maharbanta ba su so. Shi kuwa Simo Häyhä na Finlan, wanda ake yi wa kallon maharbin da ya fi kowa kisa a Yaƙin Hunturu na 1939 zuwa 1940, ƙin madubin ya yi ɗungurum: yana sa mutum ɗaga kai, gilashinsa na ƙyalli a rana, sanyi kuma na sa shi raɓa. Ƙorafinsa na uku a Amurka aka ji shi. Kamfanin Leupold, wanda ya fara da kayan safiyo a Portland a 1907, yana ba da labarin cewa Marcus Leupold ya rasa barewa saboda madubinsa ya yi raɓa, ya yi fushi ya ce zai yi wanda ya fi shi. A 1947 suka fitar da na farko, a 1949 suka fara zuƙe iskar cikin bututu suna cika shi da iskar naitirojin busasshiya, su toshe.

Saura babbar matsalar, wato ina za a sa sukurun. Hanya biyu ce. Ta farko a bar madubi sandararre, a riƙa karkata shi gaba ɗaya daga waje. Haka John Unertl na Pittsburgh ya yi nasa, dogaye, masu ma'auni a ƙafar baya, kuma maharban gasa sun amince da su don awonsu gaskiya ne. Aibinsu, komai a fili yake ga ƙura da ruwa, kuma madubin zamewa yake in an harba, irin na soja sai an jawo shi da hannu ya koma mazauninsa kafin harbi na gaba. Hanya ta biyu a sa ƙaramin bututu cikin babban, mai ɗauke da gilasan da ke miƙar da hoto. Majuyin sama na tura shi ƙasa, na gefe na tura shi gefe, sifirin na tokare shi daga ɗaya kusurwar. Duk madubin zamani haka yake. An tsira daga ƙura, amma an ɗora komai a kan abubuwan da ido ba ya gani: zaren sukuru, ƙarfin sifirin, da ɗan wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe. Motsin da bai kai kaurin gashi ba a cikin bututun nan, a mita 1,000 taku guda ne.

A Biyetnam aka ga hanyoyin biyu gefe da gefe. Saje Carlos Hathcock na rundunar Marines ta Amurka ɗan gasa ne kafin ya zama maharbin yaƙi; a 1965 ya ci Kofin Wimbledon na yadi 1,000 a Camp Perry, jihar Ohio. Bindigar da ya fi aiki da ita Winchester 70 ce da Unertl mai ninki 8, tsohon yayi tun a lokacin. A 1967 ya ɗora madubi a kan babbar mashinga M2 ya yi harbin mita 2,286, wanda ba a wuce shi ba sai 2002, lokacin da maharban Kanada biyu, Arron Perry da Rob Furlong, suka zarce shi a Afganistan. Sabuwar bindigar rundunar, M40 ta 1966, da madubin farauta na Redfield mai ninki 3 zuwa 9 ta zo, kuma zafi da damshin ƙasar sun wahalar da shi. Darasin da rundunar ta ɗauka shi ne ta rage abin da ke motsi. Madubin da ta sa Unertl ya ƙera mata daga baya ninki 10 ne tsayayye, jikinsa ƙarfe, nauyi kamar me.

Sobiyet ta bi wata hanya. PSO-1 na bindigar Dragunov, na 1963, ninki 4 ne, amma a ƙasan hoton ta hagu akwai miƙaƙƙen layi da wani lanƙwasasshe a samansa, da lambobi daga 2 zuwa 10. Soja ya sa ƙafar mutum a layin ƙasa, ya matsa har kansa ya taɓa na sama, lambar da ke wurin ita ce nisan a ɗaruruwan mita, bisa ƙiyasin tsayin mita 1.7. Yaron da aka ɗauko daga gona jiya zai iya koyon wannan da yamma ɗaya. Marines kuwa, a ƙarshen shekarun 1970, suka ɗauko ma'aunin 'yan igwa, wato mil, suka jera shi ɗigo-ɗigo a kan zare. Mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, mita ɗaya a mita 1,000. Ƙofa mai tsayin mita 2 in ta cika mil 4 a madubi, tana mita 500. Wannan ya fi na Rasha wuyar koyo, amma yana auna komai, ba mutum kaɗai ba, kuma da shi ake gyara kuskure.

Sai aka yi wani abu da har yau nake mamakin yadda ya daɗe. Zare na magana da mil, majuyi na magana da wani ma'auni daban, MOA, wanda ya yi kusan inci ɗaya a yadi 100, kowane ƙas ɗaya rubu'insa. Mil ɗaya MOA 3.44 ne. To, mai duba wa maharbi ya ce harsashi ya faɗi ƙasa da rabin mil. Maharbi ya ninka a ka, ya samu 1.7, ya mai da shi ƙas bakwai, duk wannan yana kwance cikin rana ana neman ransa. Shekaru aka yi ana sayar da madubai haka a Amurka, ana koyar da lissafin a makarantun soja kamar wani abin alfahari. Haka kuma yawancin madubai masu sauya ninki zarensu a bayan gilasan ƙara girma yake, don haka hoto na girma zare na nan yadda yake, ɗigon mil ba ya zama gaskiya sai a ninki ɗaya tak. Turai ta daɗe tana sa zaren a gaba, inda yake girma tare da hoto, awonsa bai sauyawa.

Wanda ya tattara gyaran wuri ɗaya ƙaramin kamfani ne a Biebertal, kusa da Wetzlar a Jamus, Schmidt & Bender, wanda Helmut Schmidt da Helmut Bender suka kafa a 1957. Madubinsu PM II 5-25x56, na tsakiyar shekarun 2000, ninki 5 zuwa 25 ne, gilashin gaba milimita 56, bututu milimita 34 don ƙaramin bututun ciki ya sami filin motsi. Zare a gaba, an zana shi a jikin gilashi; zare mil, majuyi mil, kowane ƙas 0.1, mil 26 a zagaye biyu, da alama ruwan ɗorawa da ke fitowa a saman majuyin don mutum ya san ya shiga zagaye na biyu, ga wurin tsayawa a sifiri, yadda ko cikin duhu in ka murɗa baya har ya tsaya ka san inda kake. Yana da aibinsa. Daga ninki 7 zuwa 5 hoton ƙanƙancewa yake, baƙin zobe ya kewaye shi, filin gani bai ƙaru ba. Amma majuyinsa ya yi abin da sukurun Creedmoor ya yi. Marines suka ɗauki ƙaninsa mai ninki 3 zuwa 12, shi 5-25x56 ɗin kuwa Ingila ta ɗora shi a kan bindigarta L115A3, rundunar kundumbalar Amurka ta zaɓe shi a 2011. Da shi Kofur Craig Harrison na Ingila ya yi harbin mita 2,475 a lardin Helmand a Nuwamban 2009, inda ma majuyin ya ƙare masa, sai da ya ɗaga saiti sama da abin hari. Duk madubin harbin nesa mai tsada da aka yi bayan nan, da PM II ake gwada shi, kuma lambobin nan 5-25x56 sun zama kamar sunan jinsi.

A wannan lokaci aikin zaren kansa ya sauya. Na'urar auna nisa da hasken lesa ta yi araha, ƙananan na'urorin auna iska irin Kestrel suka zo da lissafin tafiyar harsashi a ciki. Ba a bukatar zare don sanin nisa kuma. Ana bukatarsa don riƙe iska da gyara harbi na biyu da sauri. Kamfanin Horus na Dennis Sammut ya cika ƙasan hoton da layukan ɗigo, kowane layi ya fi na samansa faɗi, don mutum ya ga inda ƙura ta tashi ya ɗauki wannan ɗigon ya ɗora a kan abin hari ba tare da ya taɓa majuyi ba. Wasu na ganin hoton ya cika da tarkace, yana ɓoye ƙurar da ake nema. Gardamar ba ta mutu ba, amma kusan kowane kamfani yanzu yana da irin nasa.

Abin da ya fi sojoji tankaɗe madubai, a ganina, gasa ce. A 2012 aka fara Precision Rifle Series a Amurka. Ana ba mutum kamar daƙiƙa 90 zuwa minti biyu ya harba harsashi wajen goma a kan faranten ƙarfe masu nisa daban-daban, daga yadi 300 zuwa fiye da 1,000, yana jingine da shinge, ko dutse, ko taya, yana tashi yana sake wuri. Ɗan gasa na gaske yana murɗa majuyinsa sau dubbai a shekara, kuma in madubi ya ci amanarsa, kafin ya isa gida duk abokan gasa sun ji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kasuwa ta buɗe, musamman bayan harsashin 6.5 Creedmoor na Hornady, na 2007, da bindigar Ruger mai rahusa ta 2015 sun jawo dubban sabbin mutane.

Kamfanin da ya fi cin wannan kasuwa da farko Vortex ne na jihar Wisconsin. Razor HD na biyu, 4.5-27x56, ya fito a 2014, a Japan ake ƙera shi, kuɗinsa a lokacin wajen dala 2,500, ƙasa da na Jamus sosai. Nauyinsa ya kusa kilo 1.4, abin da soja mai hawan dutse zai tsine wa, amma ɗan gasa da ke ƙara wa bindigarsa ƙarfe da gangan har ta kai kilo 10 don ta zauna lafiya, nauyin riba ne a gare shi. Ga garanti: ko kai ka jefar da shi ya fashe, za su gyara ko su sauya, ba sa tambayar rasit. Wannan ya ja mutane ƙwarai, ko da yake garanti ba ya dawo da makin da aka rasa ranar gasa. Nightforce, wanda wani likitan haƙori ɗan Ostireliya, Ray Dennis, ya kafa a 1992 kuma yake zaune a Orofino ta jihar Idaho, da ƙarfi ya yi suna. A wajensa ake zuwa in ana son madubin da za a buga da ƙasa a ɗauka a ci gaba, kuma ATACR 7-35x56 ɗinsa ne kundumbalar Amurka ta ɗora a kan sabuwar bindigarta Mk 22. Rundunar ƙasa kuwa, don bindigar guda, Leupold Mark 5HD ta zaɓa a 2020, mai nauyin gram 850 kacal. Bindiga ɗaya, ƙasa ɗaya, madubi biyu, domin wanda zai ɗauki kaya a baya ba lissafinsa ɗaya da na kowa ba.

Can sama kuma akwai uku da ake jayayya a kansu. Kahles ya dubi yadda hannun ɗan gasa ke aiki, ya ɗauke zoben daidaita hoto da nisa daga gefe ya sa shi ƙarƙashin majuyin sama, ya kuma ba da zaɓin majuyin iska a hagu, yadda na-dama zai yi komai da hannun hagu, na dama bai bar kunama ba. Tangent Theta na Halifax a Kanada ya sa ƙarfinsa a majuyi: kowane ƙas yana faɗawa da nauyi, ba ka tsallake ɗaya bisa kuskure, kuma ana mai da shi sifiri da yatsu ba tare da an nemi ɗan makulli ba. Kuɗinsa dala 5,000 ne ko fiye. Zero Compromise na Ostiriya, wanda tsofaffin ma'aikatan wannan sana'a suka kafa, ya zo da bututun milimita 36 da hoton da ido ke samu da sauƙi ko kai bai zauna daidai ba, abin da ke da daraja ga wanda ke harbi a durƙushe a bayan taya. Wanne ya fi? Tsakanin waɗannan, bambancin gilashi sai gab da magariba ko cikin kawalwalniya ake ganinsa, shi ma sai idon da ya saba. Daga dala 2,500 zuwa 5,000 abin da ake saye ɗan kaɗan ne, kuma rabinsa daɗin hannu ne. Wanda ke neman maki ɗaya da zai raba shi da na biyu yana da hujjar biya. Saura kuwa da sun sayi harsashi da ragowar kuɗin sun fita cikin iska, da sun fi ƙaruwa.

Yawan ninki ma ruɗi ne in ba a san wasan ba. 'Yan faranten ƙarfe, duk da madubinsu na kaiwa 25 ko 35, akasari tsakanin 12 da 18 suke harbi, don su sami abin hari da sauri su kuma ga inda harsashi ya sauka. Lissafin a fili yake: raba 56 da 35, hasken da ke fitowa zuwa ido bai wuce milimita 1.6 ba, kai ya ɗan gusa hoto ya ɗauke. Amma akwai wata gasar, F-Class, wadda wani dattijo ɗan Kanada, George Farquharson, ya assasa da idonsa ya fara rauni, yana son ci gaba da harbi da madubi da matokari. Su a kwance suke, nisa sananne, kuma zoben tsakiya a yadi 1,000 inci 5 ne. A nan ninki 40 ko 50 na da amfani, zare siriri a baya ya fi, kuma madubai irin March na Japan, mai kaiwa ninki 80, su ke da fili, har sai rana ta yi zafi kawalwalniya ta sa kowa ya rage.

Gwajin da ke fallasa madubi ba ya bukatar ɗakin bincike. A auna mita 100 da tef, ba da taku ba. A kafa dogon allo, a ja layi a tsaye da igiya mai nauyi a ƙasa, a yi ɗigo a gindinsa. A harba uku a ɗigon, a murɗa mil 10 sama, a sake saita ɗigon nan dai a harba uku. Rukuni na biyu ya kamata ya zauna mita ɗaya cif sama da na farko, a kan layin. In santimita 98 aka samu, majuyin na tauye kashi 2 cikin 100, kamar mudun da aka bubbuge gindinsa: a awo ɗaya ba ka gani, a buhu sai ka ji a jikinka. Harsashin .308 yana faɗuwa kusan mita 10 kafin ya kai yadi 1,000, wato mil 10 da ɗoriya, don haka wannan tauyewa ta zama santimita 20, kuma farantin da ake nema sau da yawa bai wuce santimita 30 zuwa 60 ba. Sannan a murɗa a dawo sifiri a ga ko ya koma inda ya taso. Akwai madubai masu tsada da suka faɗi wannan gwaji, akwai na Sin masu ƙasa da dala 1,000 da suka haye. Abin da kuɗi ke saya shi ne yawan yiwuwar cewa wanda ya faɗo hannunka mai gaskiya ne, kuma zai zauna haka bayan shekara biyar na shuri.

An yi yunƙurin sallamar majuyin gaba ɗaya. A 2013 kamfanin TrackingPoint na Texas ya fitar da bindiga mai kwamfuta a cikin madubi, kuɗinta sama da dala 20,000: ka yi wa abin hari alama, ka danne kunama, ita za ta saki harsashi in saiti ya daidaita. Iska dai kai za ka ƙiyasta ka shigar mata. A 2015 masu binciken tsaron kwamfuta biyu, Runa Sandvik da Michael Auger, suka nuna za a iya shiga cikinta ta Wi-Fi a sauya lissafin, harsashi ya tafi allon da ke gefe, maharbi bai san an taɓa komai ba. A shekarar kamfanin ya shiga matsalar kuɗi. Sojoji ba su bar ra'ayin ba. A Janairun 2022 rundunar ƙasa ta Amurka ta ba Vortex kwangilar XM157, har guda 250,000 cikin shekara goma a kan kuɗin da ka iya kaiwa dala biliyan 2.7. Madubi ne mai ninki 1 zuwa 8, da lesar auna nisa, da na'urorin auna yanayi, da kwamfutar da ke haska wa soja wurin da zai ɗora saiti. Ƙarƙashin duk wannan an bar zare zananne a jikin gilashi, wanda ke aiki ko batir ya mutu.